Daga madugu zuwa parmi: tarihin dokar hanya a Gazawa, Agye da Gidan Rumji ta fuskar kalmomi

0. Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya a bakin kwalta a Gazawa ranar kasuwa zai ga samari, waɗansu ba su cika shekara 18 ba, suna tuƙa babur da fasinja biyu ko uku, suna kutsawa tsakanin amalanke da manyan motocin da suka fito daga Damagaram. In aka tambayi ɗayansu sunan kowane ƙarfe na babur ɗinsa, zai faɗe shi da Hausa babu inda-inda. In kuwa aka nuna masa allon nan mai kusurwa uku da jan baki da ke tsaye a shigar gari, aka ce ya faɗi sunansa da ma'anarsa, sau da yawa dariya zai yi, ya ce wannan ai na jandarmomi ne.

Wannan giɓi da ke tsakanin sanin ƙarfe da sanin doka shi ne muke son mu bi tarihinsa a cikin wannan maƙala. Aikinmu nazarin harshe ne, amma kalmomin aro kamar sawu suke a bisa rairayi: suna nuna wanda ya wuce, da inda ya fito, da wanda ya riga wani. Ra'ayin da za mu kare shi ne cewa mota da dokarta ba ta hanya ɗaya suka shigo wannan yanki ba. Mota daga kudu ta zo, ta Kano da Katsina, da kalmomin Ingilishi waɗanda Hausa ta haɗiye tuni. Doka kuwa daga yamma ta zo, ta Dakar da Yamai, da Faransanci, kuma har yanzu a bisa takarda ta fi zama. Matashin da ke koyon tuƙi a yau a mararrabar waɗannan hanyoyi biyu yake tsaye.

Mun taƙaita nazarin ga gundumomi uku na jahar Maraɗi: Gidan Rumji a yamma, Agye da Gazawa a gabas (an cire Gazawa daga Agye a 2011). Dukansu hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta haɗa Yamai da Damagaram, ta ratsa su. Inda muka nuna asalin kalmar aro daga Faransanci, mun bar ta da rubutunta.

1. Hanyar ayari

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya biyo ayarin gishiri na Abzinawa, ya sauka Tasawa, daga nan ya zo Gazawa, sannan ya ratsa dajin da ke tsakaninta da Katsina. Gazawar da ya gani gari ne mai shinge, a bakin iyaka tsakanin Haɓen Maraɗi da Gobir da kuma Fulanin da suka karɓe Katsina tun farkon ƙarni na 19. Abin lura a nan shi ne alƙiblar tafiyar: daga arewa zuwa kudu, daga Abzin zuwa Katsina da Kano. Babbar hanyar Gazawa ta wancan zamani ke nan.

Wannan hanya tana da dokarta, ko da yake ba rubutacciya ba ce. Akwai madugu, wanda ke yanke lokacin tashi da wurin sauka, shi ne kuma ke magana da sarakuna a kan kuɗin hanya. Akwai jagaba a kan gaba. Akwai zango, akwai fito a bakin gulbi. Harshe ya ajiye mana kalmomin wannan duniya da yawa:

(1) turba, gwadabe, burtali, mararraba, zango, ratse, kauce, ba da hanya, ɓatan kai, rakiya

Idan biyu suka haɗu a turba, wa zai kauce? Amsar a fili take ga kowane Bahaushe: ƙarami ke kauce wa babba. Yaro ya kauce wa dattijo, mai ƙasa ya kauce wa mai doki, talaka ya sauka daga jakinsa in sarki na tafe. Girma ke ba da hanya. Wannan ƙa'ida ba ta kashe kowa ba a zamaninta, domin raƙumi mai kaya wajen kilomita 4 yake ci a awa guda. A irin wannan tafiya akwai lokacin hangowa, da ganewa, da gaisuwa, kafin a kai ga kaucewa. Za mu ga a gaba yadda ƙa'idar ta rayu bayan saurin da aka gina ta a kansa ya wuce.

2. Yadda Turawa suka juya hanya

Iyakar da ta raba Maraɗi da Katsina, a kan maganar hanya aka ja ta. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana wani baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bai wa Ingila, abin da ya tilasta wa Faransawa bin ƙasa marar ruwa in za su tashi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Suka yi ta kuka a kan haka, har aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu domin su sami hanya mai rijiyoyi ta Ƙonni da Maraɗi da Tasawa. Tawagar haɗin gwiwa ta Tilho da O'Shee ce ta kafa alamun iyakar tsakanin 1906 da 1908. Ana iya cewa ke nan Gidan Rumji da Agye da Gazawa sun zama ƙasar Nijar ne saboda suna bisa hanyar da Faransawa ke buƙata.

Sabuwar hanyar daga yamma zuwa gabas ta miƙe, ta gicciya tsohuwar. Hanya ce ta mulki: ta sojoji, da wasiƙa, da kumandan mai rangadi. Da aka mayar da babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, sai muhimmancinta ya ƙaru. A ƙarshen 1924 motoci 8 na kamfanin Citroën, ƙarƙashin jagorancin Haardt da Audouin-Dubreuil, suka bi ta a tafiyarsu ta ratsa Afirka, suka yada zango a Tasawa wurin sarki Barmu. Ga mutanen ƙauyukan da ke bakin hanya, mota a wannan lokaci abin kallo ce, ta Nasara.

Wa ya share hanyar, wa ya cike ramukanta bayan kowace damina? Talakawa ne, da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Wannan ya bar tabo a cikin tunanin jama'a: babbar hanya abar hukuma ce, ana yi mata wahala, ana gudun masu tsaronta.

Dokar tuƙin da ta biyo wannan hanya a Faransa aka haife ta. A 1893 shugaban ƴan sandan Paris, Louis Lépine, ya wajabta takardar shaidar iya tuƙi a yankinsa. A 1899 aka shimfiɗa wajibcin ga ƙasar duka. A 1921 aka tattara ƙa'idojin hanya wuri guda, abin da aka sani da code de la route, a ƙarshen 1922 kuma takardar ta sami sunan da muka gada, permis de conduire, aka sa shekara 18 ta zama iyakar samun ta. Daga can ne ƙa'idojin suka riƙa gangarowa zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma ta ofishin gwamna-janar na Dakar. A cikinsu akwai wadda ta saɓa wa al'adar turba gaba ɗaya, wato priorité à droite: a mararrabar da babu allo, wanda ya fito ta hannun damanka shi ke fara wucewa, ko da keke yake bisa, kai kana cikin motar kumandan. Doka ce da ba ta san girma ba, wuri kaɗai ta sani.

3. Gyaɗa da lori

Mulki ya juya hanya, amma ciniki bai bi shi ba. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, da Nguru a 1930. Da noman gyaɗa ya bunƙasa a ƙasar Maraɗi da Tasawa, hanyar da ta fi kusa da teku ita ce ta kudu, wato tsohuwar hanyar ayari. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 a kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda arzikin birnin ya tashi daga wannan ciniki da kuma kusancin iyaka. Motocin da suka ɗauki buhunan gyaɗa, da kayan gyaransu, da masu gyaran, da direbobin farko da yaran gari suka zauna kusa da su, galibi ta wannan ɓangare suka zo. Ga shaidar harshe:

(2) mota, lori, direba, sitiyari, birki, giya, kuloci, taya, batir, injin, fetur, weji, gareji, tasha, fasinja, kwalta, lasin

Duk waɗannan daga Ingilishi suke, kuma duk sun zama Hausa. Hausa ba ta yarda da baƙi biyu a jere a farkon kalma ba, ba ta kuma cika son kalma ta ƙare da baƙi ba, shi ya sa aka cusa wasali a cikin direba da sitiyari da kuloci. Sun sami jam'i irin na gida: direbobi, tayoyi, tashoshi, da motoci, inda t ta koma c a gaban i kamar yadda take yi a kalmomin asali. Misalin da ya fi ban sha'awa shi ne bakanike. Kunnen Bahaushe ya ji gaɓar farko ta kalmar Ingilishi kamar ba- ɗin da ke cikin Bakatsine da Bagobiri, sai ya yi mata jam'i kanikawa, tamkar wata ƙabila. Aikatau ɗin kansa ma na gida ne: wanda ke tuƙa jirgin ruwa da wadda ke tuƙa tuwo su suka ara wa direba kalmar tuƙi.

Daga 1953 hukumar mulkin mallaka ta shirya abin da ta kira Opération Hirondelle domin karkata gyaɗar Nijar zuwa Paraku da Kwatano, bayan ƴancin kai kuma aka kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin. Kalmomin Faransanci irin su kamyo da esansi sun shigo, kuma gwargwadon yadda mutum ya nufi Dosso da Yamai, gwargwadon yadda suke ƙaruwa a bakin mutane. Claude Gouffé ya yi nazarin irin wannan aro tun 1971. Sai dai a tashoshin jahar Maraɗi sun tarar da gida a cike: birki da sitiyari sun riga sun zauna.

Tare da kalmomin, wata makaranta ta zo, wadda ba ta da allo ko benci. Yaro yakan shiga hannun direba a matsayin karen mota, sunan da waƙar Ɗan Maraya Jos ta sa kowa ya sani. Aikinsa na farko wanki ne, da ɗaurin kaya, da dirowa da gudu ya sa weji a bayan taya in an tsaya a hawa. Bayan an daɗe a bar shi ya tayar da injin da safe, bayan an ƙara daɗewa ya juya motar a cikin tasha, sai wata rana a daji, inda babu kowa, maigida ya matsa ya ba shi sitiyari. Abin yakan ɗauki shekaru. Bai kamata a rena wannan makaranta ba. Tana koyar da jin muryar injin, da sanin nauyin kaya, da inda yashi ke kwanciya a kwarin Gulbin Kaba, da lokacin da dabbobi ke ƙetare kwalta daga burtali. Fiye da haka, tana ɗora wa yaro idon babba na tsawon lokaci kafin a sakar masa mota. Abin da ba ta koyarwa shi ne rubutacciyar doka. A wurinta sai ta raya dokar turba da sabon kaya: babbar mota ke da hanya, ƙarama ta kauce mata, babur ya kauce wa ƙarama, mai ƙasa ya kauce wa kowa. Girman sarauta ya koma girman ƙarfe.

4. Hagu da dama

Har zuwa 1972 direban da ya tashi daga Maraɗi zuwa Katsina hannu biyu yake bi a tafiya guda. Daga Maraɗi zuwa Ɗan Isa yana hannun dama, bisa tsarin Faransa. Da ya ƙetare zuwa Jibiya sai ya koma hagu, bisa tsarin Ingila. Ran 2 ga Afrilu 1972, a zamanin Janar Yakubu Gowon, Nijeriya ta koma dama, kamar yadda Saliyo ta yi a 1971, Gana kuma ta biyo a 1974. Dalilin a fili yake: ƙasashen da suka kewaye su duk a dama suke tuƙi.

Wannan canji ya sauƙaƙa tafiya, amma shekarun da suka gabace shi sun riga sun koya wa direbobin iyaka wani darasi, suka kuma gadar da shi ga yaransu. Darasin shi ne cewa dokar hanya aba ce mai sauyawa da kakin wanda ke tsaye a shinge. Nan dokar Faransa, can dokar Ingila. Nan parmi, can lasin. Nan jandarma, can ɗan sanda, daga 1988 kuma har da jami'an hukumar kiyaye haɗurra da Nijeriya ta kafa, wadda Wole Soyinka ya fara shugabanta. Mutumin da ya ga doka tana juyewa a tsakiyar dajin da ya sani tun yana yaro, tsakanin ƙauyuka biyu masu harshe ɗaya da auratayya, da wuya ya ɗauke ta a matsayin abin da ke tsare ransa. Zai ɗauke ta a matsayin al'adar masu mulki, wadda ake kiyayewa in suna kallo.

5. Kalmomin takarda

Nijar ta yi dokar hanya tata a 1963, ta sake sabuwa a 2014, akwai kuma hukumar ANISER mai kula da tsaron hanya. Alamun da ke bakin kwalta suna bin tsarin da ƙasashen duniya suka amince da shi a Viyana a 1968. Da Faransanci aka rubuta dokokin, da shi ne kuma littattafan koyon tuƙi suke. Mu duba abin da Hausar tasha ta ɗauka daga wannan ɓangare:

(3) parmi (permis), kod (code), kart giriz (carte grise), asirans (assurance), bizit (visite technique), amandi (amende), peyaj (péage), duwan (douane), jandarma (gendarme)

Abubuwa uku muke gani a wannan jeri. Na farko, kalmomin ba su narke ba kamar na (2). Da yawansu sun ƙare da baƙi, furucinsu yana bambanta daga baki zuwa baki (ana jin parmi, ana jin farmi), kuma ba su da jam'in da kowa ya yarda da shi. Wadda ta zama ƴar gida sosai ita ce jandarma, mai jam'i jandarmomi. Wato mutumin da ke tsare hanya ya shiga harshe, abin da yake tsarewa bai shiga ba.

Na biyu, dukansu sunayen takardu ne, ko na biyan kuɗi, ko na masu karɓa. Babu ko ɗaya da ke faɗa wa direba abin da zai yi da hannunsa ko ƙafarsa. Kalmomin da ke ɗauke da ainihin hikimar dokar, irin su priorité, distance d'arrêt, angle mort, ligne continue, ba su ƙetaro ba sam. Ba a are su ba, ba a kuma fassara su da wata fassara tsayayya ba. Malamin makarantar tuƙi yakan bayyana su da Hausa da baki, kowane da irin tasa fassarar, ɗalibi ya haddace don jarrabawa, ya bar su a ƙofar aji.

Na uku, aikatau ɗin da ke rakiyar parmi yana da abin faɗi. Ana cewa an yanki parmi ko an ciri parmi, kamar yadda ake yankar tikitin mota ko takardar haraji. Yaron da ya gama karatun allo, cewa ake ya sauke, wanda ya gama koyon sana'a, an yaye shi. Waɗannan kalmomi biyu suna nuna ilmin da ya shiga jiki. Ba a taɓa ara wa parmi ɗayansu ba. Idan aka haɗa da cewa makarantun tuƙi a manyan birane suka taru, kuma saurayin Gazawa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 100 kafin ya kai Maraɗi, ga kuɗin makaranta, ga na masauki, za a gane dalilin da ya sa takardar ta zama abin da ake nema bayan an daɗe da fara tuƙi, ranar da aka sami aikin da ke buƙatar ta.

6. Zamanin babur

Makarantar karen mota, duk da giɓinta, tana da shinge guda mai ƙarfi, shi ne tsadar mota. Ba mai sakar wa yaro lori. Babur ne ya rushe wannan shinge. Sana'ar kabu-kabu, wadda sunanta ma daga Nijeriya ya ƙetaro, ta yaɗu a garuruwan iyaka a shekarun matsin tattalin arziki, musamman bayan karyewar darajar sefa a Janairun 1994. Daga shekarun 2000 baburan Sin masu araha suka cika kasuwa, ga man kwalba a kowace kusurwa. Abin da da yake ɗaukar shekaru a ƙarƙashin maigida ya koma aikin ƴan kwanaki a filin ƙwallo, wa yana koya wa ƙane. Saurayin ya fito kwalta ba shi da idon babba na makarantar tasha, ba shi da ƙa'idar makarantar hukuma. Abin da ya rage masa shi ne dokar girman ƙarfe, kuma a cikinta shi ne kusan na ƙarshe.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-mace in aka gwada da yawan jama'a. Lissafin da ke bayan waɗannan alƙaluma ba mai wuya ba ne. Mai gudun kilomita 90 a awa yana cin mita 25 a kowane sakan. Tsakanin ganin akuya da taka birki, mutum mai lafiya yakan ɓata wajen sakan guda, wato mita 25 sun tafi birki bai fara aiki ba. A busasshiyar kwalta ƙaramar mota na buƙatar wajen mita 45 kuma kafin ta tsaya, jimla kusan mita 70. A gudun kilomita 50, wanda aka saba iyakancewa a cikin gari, jimlar ba ta kai mita 30 ba. In gudu ya ninka biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa. A jar ƙasa ko inda yashi ya hau kwalta abin ya fi haka, babbar mota mai kaya kuwa ta fi kowa buƙatar fili. Hanyar ƙasa mai lamba 1 ta tsakiyar Gidan Rumji da Tibiri da Cadawa da Agye da Gazawa ta bi, kasuwa a gefenta, makaranta a gefenta. Dokar turba tana aiki a kilomita 4 a awa. A kilomita 90 babu lokacin gane wane ne babba.

A nan ma harshe yana da nasa hannu. Mu saurari yadda ake ba da labarin haɗari:

(4) a. Birki ya tsinke.
b. Taya ta fashe.
c. Mota ta ƙwace masa.
d. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa.

A (4a) da (4b) ƙarfe ne a gurbin mai aiki. A (4c) direba ya koma wanda aka yi wa abu. A (4d) babu shi ma gaba ɗaya. Ba mu ce nahawu ke kashe mutane ba, kuma mun san wannan salon magana yana da aikinsa: da shi ake yi wa mai rai ta'aziyya, da shi ake hana gaba tsakanin dangi biyu. Amma yaron da bai taɓa jin an ce wane ya fita da tayar da ta suɗe, ko wane ya wuce mota a kwana, ba zai san cewa akwai abin da ke hannunsa ba. Alhali al'adar tana da ɗaya gefen. Ita ce ta ce sauri ya haifi nawa, kuma kowane almajiri ya ji hadisin da ya umurci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

7. Kammalawa

Mun ga dokoki uku sun hau kan juna a hanya guda: ta ayari mai bin girma, ta tasha mai bin ƙarfe, da ta hukuma mai bin takarda. Biyu na farko da Hausa suke magana, ta ukun, wadda ita kaɗai aka yi don saurin injin, ba ta koyi Hausa ba tukuna.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce ga koyarwa da harshen gida. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutu, a 2001 aka yi dokar harsunan ƙasa, kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 kuma ya ambaci Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Dokar hanya tana cikin rubuce-rubucen da suka fi cancantar a fara da su, domin ita ce ɗan ƙasa ke gamuwa da ita kullum, ko ya yi lakwal ko bai yi ba. Daga abin da ya gabata muna ba da shawara uku ga masu wannan aiki.

Ta farko, kada a taɓa kalmomin (2). Birki da sitiyari Hausa ne, duk wanda ya nemi maye su da ƙagaggun kalmomin ofis zai rubuta littafin da direba ba zai karanta ba.

Ta biyu, a fassara ƙa'ida da jimla, kada a nace sai an samo suna guda. Faransanci na son suna, Hausa da aikatau take ba da umurni. Muna ganin irin waɗannan za su zauna a baki:

(5) a. priorité à droite: na damanka ke fara wucewa
b. ligne continue: farin layi marar yanka, ba a ƙetare shi
c. angle mort: inda madubi ba ya gani
d. distance d'arrêt: nisan da za ka ci kafin ka tsaya

Alluna ma sifarsu ke magana kafin zanen da ke ciki: mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ne, da'ira mai jan baki hani ce, shuɗiyar da'ira wajibi ce. Gargaɗi da hani da wajibi kalmomi ne da yaro ya sani tun daga makarantar allo.

Ta uku, a kai koyarwar inda tuƙin ke farawa, wato tashar ƴan kabu-kabu da garejin kanikawa da gidajen rediyon karkara, a kuma sa tsofaffin direbobi a ciki, domin su ne saurayi ke jin maganarsu. Abubuwan da za a fara da su kaɗan ne: hular kwano a ɗaure a haɓa, ga direba da fasinja, fitila mai aiki gaba da baya, rage gudu tun daga allon shigar gari, barin waya a aljihu, da haƙuri da sitiyarin mota har a cika shekara 18. Ranar da aka ji uba a Agye ko Gidan Rumji yana cewa ɗansa ya sauke kod, kamar yadda yake cewa ya sauke karatu, a ranar ce za mu san dokar ta iso gida.